Ɗakin da keken Hajiya bai shiga ba

Ranar Juma'ar da ta wuce na miƙa makullin durowata, bayan shekara takwas ina sayar wa mutane tafiyar jiragen ruwan shaƙatawa. Ina cikin kwashe kayana na ci karo da wata takarda da na ninke gida huɗu a ƙasan fayil. Jadawalin nan ne da na zana da biro a 2019, sunayen kamfanoni a jere: Carnival, Royal Caribbean, Norwegian, MSC, Princess. Da yawanku, abokan aikina, kun san takardar, wasu ma sun ɗauki hotonta a waya. Amma kaɗan ne suka san abin da ya sa na zauna na zana ta, kuma ba na son in bar aikin nan ban faɗa ba.

A lokacin muna ƙarƙashin wani manaja da ba zan kira sunansa ba. Ɗaya daga cikin kamfanonin jiragen ya yi wa ofis alkawarin ƙarin kamasho in muka cika wani adadin ɗakuna cikin wata uku. Kullum a taron safe maganarsa ɗaya ce: duk wanda ya shigo, wannan kamfanin za a fara nuna masa, da farashi mafi ƙasa, kuma kada a cika mutum da bayani. "Bayani na kashe ciniki," in ji shi.

Cikin wannan zangon wani mutum ya zo yana son tafiyar kwana bakwai a yammacin Karebiyan, su shida: shi, matarsa, yara uku, da mahaifiyarsa. Cikin hira ya ce ƙafa na damun Hajiya, ba ta iya doguwar tafiya. Na ji, raina kuma ya ɗan tsaya a kan maganar. Na tashi na leƙa ofishin manaja na ce, "Yallaɓai, akwai dattijuwa cikinsu, ko in duba ɗakin masu lalura?" Bai ɗago kai ba ya ce, "An ce maka ba ta tafiya ne? Je ka rufe ciniki." Na dawo na rufe. Na sayar musu da ɗakuna biyu na ciki, marasa taga, a farashin garanti, wanda kamfani ke zaɓa maka ɗaki inda ya ga dama. Shi ya ba da umarni, amma yatsana ne ya danna. Wannan ban taɓa musu ba.

Ranar da suka hau jirgi, da dare wayata ta yi ƙara. Ashe da keken marasa lafiya Hajiya ke yawo. Faɗin ƙofar ɗakin jirgi na gama-gari inci 22 ne ko 23, na masu lalura kuwa inci 32. Keken ya tsaya a bakin ƙofa, bai shiga ba. Sai an ɗaga ta, an naɗe keken, a shigar da ita a hannu. Banɗakin yana da dandamali da sai an ɗaga ƙafa. Ɗakunan masu lalura 'yan kaɗan ne a kowane jirgi, kuma duk an kama su tun watanni. Ɗaki ɗaya ya faɗo a hawa na biyu can gaba, ɗayan a hawa na tara can baya, a jirgin da tsawonsa ya kusa mita 300. Saboda ban haɗa lambobin rajistar biyu ba, aka ba su tebur daban-daban a ɗakin cin abinci, wasu ƙarfe shida, wasu bayan takwas. Wannan kaɗai aka iya gyarawa, shugaban masu hidimar tebur ya haɗa su a dare na biyu.

Sauran bai gyaru ba. A Grand Cayman da Belize jirgi ba ya jingina da gaɓa, a tsakiyar ruwa yake tsayawa a riƙa kwasar mutane da ƙananan jirage. Duk biyun Hajiya ba ta sauka ba, matar ɗanta ta zauna tare da ita. A daren ƙarshe aka turo takardar kuɗi ta ƙarƙashin ƙofa: tukwicin ma'aikata wajen dala 14 kowane mutum kowace rana, kusan dala 600 ke nan a kansu, ga lemo, ga intanet, ga kashi 18 cikin ɗari da ake ɗorawa kan kowane abin sha. Ko ɗaya ban faɗa masa ba.

Da suka dawo mutumin ya zo ofis. Bai ɗaga murya ba, wanda ya fi mini zafi. Manaja ya kira ni, ya tsayar da ni gaban kwastoma, ya ce, "Alhaji, ka yi haƙuri, sakacin yaron nan ne, mun sha faɗa musu su riƙa tambaya." Na buɗe baki na rufe. Aka cire kamashona na wannan cinikin, aka rubuta mini takardar gargaɗi wadda har yau tana cikin fayil ɗina. Ofis ya cika adadi, ƙarin kuɗin ya shigo, kuma manajan ne ya tafi tafiyar kyauta da kamfanin ya bayar. Da yamma na roƙi mutumin ya ba ni Hajiya a waya in ba ta haƙuri. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "Ɗana, ba komai. Kwana bakwai ina kan teku, ba na ganin teku sai an tura ni sama. Da ka tambaye ni, ai da na faɗa maka."

A makon na zana takardar.

Abin da na fara ganewa shi ne farashin da ke jikin talla ba shi ne kuɗin tafiya ba. Na mutum ɗaya ne, bisa sharaɗin mutum biyu a ɗaki, shi ya sa mai tafiya shi kaɗai kan biya kusan ninki biyu, sai dai in ya sami irin ƙananan ɗakunan mutum ɗaya da Norwegian ta fara da su a jirginta Epic a 2010. Tukwici yanzu ya kai dala 16 zuwa 20 a rana, gwargwadon kamfani. Tun Yulin 2024, bayan wata doka ta jihar Kalifoniya, manyan kamfanonin sun fara saka haraji da kuɗin tasha cikin farashin da suke nunawa a Amurka, amma tukwici da abin sha da intanet da yawon tudu suna nan a waje. Don haka na daina kwatanta farashin talla. Nakan lissafa abin da iyalin nan, su da kansu, za su biya daga hawa zuwa sauka, sai in jera.

In aka yi haka sai lissafi ya juye. MSC, ta iyalan Aponte da ke da hedikwata a Jeneba, sau da yawa ita ke da farashin farko mafi sauƙi, amma matakinta na ƙasa, Bella, ba ya ba ka zaɓin ɗaki, sai ka hau Fantastica. Norwegian na ƙunsa abin sha da intanet da cin abinci na musamman cikin tayi guda, abin da ke da kyau ƙwarai ga mai shan giya. Ga wanda ba ya sha kuwa, rabin garaɓasar ta tafi a banza, kuma tukwicin ƙunshin ana biyansa daban. A Carnival da Royal Caribbean, in babba ɗaya a ɗaki ya sayi ƙunshin giya, ƙa'ida ita ce sauran manyan ɗakin su ma su saya. Ƙunshin kamfanin Princess, wato Princess Plus, na haɗa tukwici da intanet da abin sha, kuma ga ma'auratan da ke amfani da duka ukun, lissafinsa kan fita. Royal Caribbean ta fi su tsada a sababbin jiragenta, musamman tun da Icon of the Seas ya fara aiki a Janairun 2024 da ɗaukar fasinja har 7,600. Iyali mai yara 'yan shekara goma zuwa sha biyar za su ci kuɗinsu a wuraren wasan ruwa da tsibirin kamfanin mai suna CocoCay. Dattawa biyu masu son zama su kalli ruwa za su biya kuɗin abin da ba za su taɓa ba. Su Holland America ko Princess nake nuna wa.

Batun abinci shi ne inda na fi daɗewa ina koyo, don kowa tambayarsa ɗaya: wane ne ya fi daɗin abinci? Na daina amsa wannan tambayar kai tsaye. Abin da ya fi raba kamfanonin shi ne yadda ake ci, da abin da ke cikin kuɗin tikiti. Carnival, wadda Ted Arison ya kafa a 1972, ta fi kowa iya abincin tsaye na rana da ba a biya: Guy's Burger Joint da BlueIguana Cantina duk suna ciki, kuma yara ba sa gajiya da su. Norwegian ta kawo tsarin Freestyle a 2000, ba lokaci ba tebur tsayayye, ka ci sanda ka so. Yana da daɗi, amma gidajen abincinta da aka fi yabo na biya ne, kuma in ba ka kama wuri da wuri ba sai ka ga dare ya cika. MSC na bin hannun Italiya: fiza da taliya masu kyau, cin dare a tsanake, kwano bayan kwano, abin da wasu ke kira jinkiri wasu kuma ke kira natsuwa. Celebrity, ƙanwar Royal Caribbean, ita na fi amincewa da ita a babban ɗakin cin abinci, kuma farashinta na nuna haka.

Amma ga mai lalurar abinci, yaron da gyaɗa ke tayar wa ciwo ko wanda alkama ba ta karɓe shi ba, tsohon tsarin tebur tsayayye ya fi komai. Mai hidima ɗaya ne duk dare, ya san yaron, yakan kawo jerin abincin gobe tun yau a zaɓa a dafa daban. Na taɓa ganin haka da idona a wata tafiyar duba jirgi: wani ma'aikaci ɗan Filifin ya durƙusa gefen kujerar wata yarinya da takarda a hannu, yana bi layi-layi da biro, yana soke abin da ba za ta ci ba. A wurin ɗauki-da-kanka, inda cokali ɗaya ke yawo daga tire zuwa tire, babu mai yi maka wannan. Kuma dole a rubuta buƙatar makonni kafin tafiya, a rubuce, ba a bakin ƙofar jirgi ba.

Kula da kwastoma kuwa gida biyu ne, kuma kuskure ne a haɗa su. Akwai na cikin jirgi, akwai na tudu. Na cikin jirgi, a duk kamfanonin nan, mutane ne daga Filifin da Indonesiya da Indiya da sauransu, masu kwantiragin wata shida zuwa tara, suna aiki kullum ba ranar hutu. Ban taɓa samun ƙorafi mai nauyi a kansu ba. Bambancin da ake ji yawanci na cunkoso ne: a manyan jirage ma'aikaci ɗaya na fuskantar fasinja kusan uku. Shi ya sa nake roƙon kowane kwastoma ya rubuta sunan wanda ya kyautata masa a takardar ra'ayi ta bayan tafiya, don da ita ake duba ƙarin girma. Na tudu shi ne inda ake gane hali. Mun gani a 2020, da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta hana jirage tashi daga tashoshin ƙasar a watan Maris, ba a dawo ba sai Yunin 2021. Wasu kamfanoni na tayin takardar bashin tafiya, wadda za ka yi wata tafiyar da ita nan gaba, ta kashi 125 cikin ɗari na abin da ka biya, maimakon kuɗi, masu son kuɗinsu kuma suna jira watanni. Na kwana a layin waya ba adadi. Duk wanda ya tambaye ni a lokacin na ce ya karɓi kuɗinsa, ko da yake umarnin ofis shi ne a tura mutane ga takardar bashi, don ita ke riƙe kamasho. A wannan karon ban leƙa ofishin kowa neman izini ba.

Sauran darussan gajeru ne. Wanda ya saya ta hannunmu, kamfani ba zai canja masa komai ba sai ta hannunmu, don haka kada ka kashe waya ranar hawa. Kowa ya isa garin tashar kwana ɗaya kafin tashi, ba a fafe gora ranar tafiya. A duba bizar kowace ƙasa da jirgi zai tsaya, ba ta inda zai tashi kaɗai ba. Jirgi na jiran wanda ya fita yawon da kamfani ya shirya, ba ya jiran wanda ya fita da kansa. Kamfani na da ikon sauya tasha saboda iska, yana cikin yarjejeniyar tikiti, a faɗa wa mutum tun farko. Kuma rabin sunayen nan gida ɗaya ne: Princess da Holland America da Costa da Cunard duk na Carnival Corporation ne, amma kowanne da irin mutanensa.

Takardar na bar ta a kan teburin yarinyar da aka ɗauka watan jiya. A samanta, kafin sunan kowane kamfani, akwai tambayoyi huɗu da na ƙara da jan biro: su wa za su tafi, akwai mai keke ko sanda, akwai abin da wani ba ya ci, kuna shan giya ko ba ku sha. Na ce mata, "Ƙanwata, in an ce ki rufe ciniki kafin ki sami amsar waɗannan, ki nemi a ba ki umarnin a rubuce."

Mutumin nan na kira shi sau biyu bayan shekarar, da na ga ɗakin masu lalura mai baranda ya buɗe a wani jirgi da duk tashoshinsa ake jingina da gaɓa. Ya ɗauka, mun gaisa da mutunci, na tambayi jikin Hajiya, ya ce da sauƙi. Bai sake sayen tafiya a wurinmu ba.