Maƙera a Gida

Wanda yake sha'awar ƙira a gida ba sai ya tara kuɗi masu yawa ba, domin rabin kayan aikin suna zube a wajen 'yan gwangwan. Guntun ƙarfen titin jirgin ƙasa da aka daina amfani da shi, idan aka kafa shi a kan kututture, yana maye gurbin uwar maƙera. A maimakon zuga-zugi kuwa, na'urar busar da gashi ce nake haɗawa da bututu, sai dai dole a rage ƙarfin iskarta, in ba haka ba gawayi zai cinye kafin ƙarfe ya yi ja. Gawayin ƙirya na fi so, saboda yana daɗewa yana ci.

Magagari ne ya fi buƙatar kulawa. Gaba kawai yake ci, saboda haka a riƙa ɗaga shi yayin dawowa, a goge haƙoransa da buroshin waya, kuma kada a jefa shi cikin akwati ɗaya da masaba da awartaki. Su waɗannan, ɗan mai ya ishe su maganin tsatsa a damina.

Bututu mai rufin tutiya kuwa kada ya kusanci wuta, hayaƙinsa yana sa zazzaɓi.