Takalmi na biyar a ƙofar ɗaki

Watanni ukun farko da na yi a Jidda kurma ne ni, ba wasa ba. Larabcin da na zo da shi na allo ne, in ka ba ni aya zan karanta maka har da ƙira'a, amma mai bakala, wato mai kanti, ya ce min "kam habba?", wato guda nawa, sai in tsaya ina kallon bakinsa kamar an dasa ni. Kafilina kuwa, wato maigidan da nake aiki a ƙarƙashinsa, fuskarsa nake karantawa, gira, baki, hannu. Ranar da ya haɗe yatsunsa biyar ya ɗago min su gabana ya faɗi, don a Kano in aka nuna maka yatsu biyar ka san inda aka dosa, ashe shi shuwayya yake nufi, wato dakata.

A bayan shagon ɗinki muke kwana mu uku, ni da wani ɗan Bangali mai guga da wani ɗan Fakistan mai yanka. Ba mai jin yaren wani. Tamis da ful, wato gurasa da wake, kawai ke haɗa mu da safe, da dare kowa ya juya bango da wayarsa.

Wata Juma'a na je kasuwar gwanjo ta Haraj Sawarik neman bargo, don esin ɗakin nan ba ya jin bari, sai na ga wani littafin zane cikin tarkacen wani tsoho, bangon ma ya yage. Riyal 5 na ba shi. Shafukan baƙi ƙirin, gajerun labaran ban tsoro ne kusan shida a ciki, kowanne da mutanensa, kuma wallahi babu kalma ko ɗaya, ko irin kumfar nan da ake zanawa a bakin mutum a rubuta maganarsa babu. Daga baya na duba a intanet na gane yadda ake yi, allo ne baƙi mai zane ya bi shi da tsinin wuƙa yana kankarewa har farin ƙasa ya fito, wato haske yake tonowa daga cikin duhu. Wani ɗan Suwizalan, Thomas Ott, ya yi suna da irin wannan aikin. Tara gajerun labaran tsoro a mujalla ɗaya kuma tsohuwar sana'a ce a Amurka, kamfanin EC ya ci kasuwarta a farkon shekarun 1950 kafin a kafa musu ƙa'idojin tacewa a 1954, sai dai su nasu surutu ne fal, har da wani dodo mai gabatar da labari.

Labarin da ya hana mu barci shafi huɗu ne kacal. Wani mutum ya rufe ƙofa ya sa sakata, takalma ƙafa huɗu a jere. Ya kwanta. Akwatin zane na gaba ƙofar ce dai, sakatar na nan. Na gaba ma haka. Ka juya shafi sai ka ga takalma sun zama biyar, na biyar ɗin a jiƙe. Shikenan fa. Ba a nuna maka aljani ba, ba jini ba komai, abin ya shigo ne a ɗan farin layin nan da ke tsakanin akwati da akwati, kai da kanka ka buɗe masa. Gaskiya ya fi min finafinan da ake sa wa mutum hoda a fuska da jajayen idanu a ce wai fatalwa.

Abin dariyar, ɗan Fakistan ya karɓa ya fara daga dama, yadda ake karanta Urdu da Larabci, sai a wajensa takalman raguwa suka yi, wani ne ya fita ta rufaffiyar ƙofa. Bangali kuma rubutunsu daga hagu ne, ya ce sam shigowa aka yi. Suka yi ta musu da hannu da "la la" da "shuf, shuf", ni ina tsakiya ina ƙirga yatsu, har ƙarfe biyun dare. Ranar na fara jin dariyar Bangalin nan, wata uku muna ɗaki ɗaya. Da na Japan ne ma da ɗan Fakistan ya ci musun, su daga dama suke farawa, na ga irinsu da Larabci a kantin littattafai na Jarir daga baya, amma kuɗinsu ba na mai tura wa gida ba ne a wata.

Yanzu shekarata huɗu, igamata, wato takardar izinin zama, lafiya lau, ina ciniki da Larabci har in yi wa Balarabe tsiya ya yi dariya. Littafin yana ƙarƙashin keken ɗinki, duk sabon yaron da aka kawo shago shi muke fara miƙa masa. Shi kuwa Bangali tun daga daren nan bai ƙara barin silifas ɗinsa a bakin ƙofa ba, a leda yake sa su ya tura ƙarƙashin filo.