Shekara biyu ina kashe zafin ciki, ashe jinina nake ƙararwa

Ni tela ne a kusa da babbar kasuwar Maradi, kuma ƙafata ce ta fara tona asirin. Ina taka keken ɗinki amma ba na jin ƙarfen a tafin ƙafa, kamar na sa safa uku. Harshe ya yi ja ya yi sumul, yaji kaɗan sai hawaye.

Kafin nan na shekara biyu ina shan omefirazol, maganin rage tsamin ciki, kullum saboda zafin ƙirji. Wurin mai tallar magani nake saye, ba ordonansi, ba awo. Da jiri ya fara, uwargida ta ja fatar idona ta ce, "Malam, ba ka da jini." Sai na ƙara da maganin ƙarin jini na kwalba da kwaɗon zogale. A tunanina ciki daban, jini daban. Wannan tunanin ne ya cuce ni.

Da aka yi awo, jinina 9 ne, alhali na namiji bai kamata ya gaza 13 ba. Awon bayan gida ya nuna ƙwayar cuta mai suna Helikobakta, mai cin bangon ciki. Lokotoro ya yi mini bayani dalla-dalla: tsamin ciki ne ke ɓamɓaro bitamin B12 daga nama da ƙwai da nono, shi ne kuma ke taimaka wa jiki ya tsotsi sinadarin ƙarfe, su biyun kuwa da su jiki ke yin jini. Ƙwayar cutar ta raunana cikin, ni kuma kullum ina kashe ɗan tsamin da ya rage. Ina cin tsiren hanta, amma kamar zuba ruwa a kwando.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne kwalbar nan. Akwai folik asid a ciki, yana ɗan gyara jini ya rufe rashin B12, jijiyoyi kuwa suna ci gaba da lalacewa. Zogale ma ba shi da B12. Ga shayi da nake kurɓa bisa abinci, shi ma yana hana ƙarfe shiga jiki.

Kwana 14 na maganin ƙwayar, sai allurar B12. Jiri ya tafi, alhamdu lillahi. Yanzu duk wanda ya ce mini zafin cikinsa ya wuce wata guda, awo nake tura shi, kuma ya faɗa wa likita duk abin da yake sha. Kuɗin awon bai kai abin da na zuba wa mai talla ba. Ƴan yatsun ƙafata biyu har yau ba su farka ba.