Kada a ce wa yaro "Babanka ya yi tafiya"

Mu da ke zama da marayu a makarantun Islamiyya, babu maganar da ta fi ba mu aiki kamar wannan. Uwa ko gwaggo ce kan faɗe ta don tausayi ranar da aka fita da makara. Shi kuwa yaro ya san matafiyi da tsaraba yake dawowa, sai ya riƙa rugawa zaure duk sanda ya ji ƙarar babur. Ranar da ɗan maƙwabta ya goranta masa cikin faɗa, daga nan ya daina yarda da maganar manya. "Barci yake yi" ta fi muni, don tana hana yara kwanciya da dare.

Yanzu wanda yaron ya fi sabo da shi muke sa ya faɗa masa, a ranar, a cikin ɗaki ba gaban taro ba: "Baba ya rasu. Ya daina numfashi, ba ya jin zafi ko yunwa, kuma ba zai dawo ba. Ransa ya koma ga Allah." Sai a yi shiru a saurare shi. Ɗan shekara 3 zuwa 5 bai gane cewa mutuwa ba ta da komowa ba, zai sake tambaya gobe da jibi, amsar kada ta canja. Daga shekara 6 ko 7 tambayoyin kan koma kan jiki: ƙasa ba ta shiga idonsa? A nan muke bin jana'iza daki-daki. An yi masa wanka da ruwan magarya da kafur, an sa shi a farin likkafani, an yi masa salla mai kabbara 4 babu ruku'u babu sujada, an kwantar da shi kan gefen dama yana fuskantar alƙibla, an jera itace an rufe kafin a tura ƙasa. Wannan na ƙarshen shi ya fi kwantar musu da hankali.

Kuskuren da muka yi da farko shi ne gaggawar shiga zancen tambayar kabari. Karatu ne na gaskiya, amma yaron da aka binne mahaifinsa jiya, in ka ambaci Walakiri da kulki, abin da zai kwana da shi ke nan. Da rahama muke farawa, sauran ya jira lokacinsa. Sai kuma abin da yake tsinta a bakin tsofaffi a tsakar gida: wai maye ne ya kama kurwar mamacin, wai fatalwa na yawo. Mukan tambaye shi kai tsaye me ya ji, domin wasu a ransu suna zaton rashin jinsu ne ya kashe uban. Sai an furta masa cewa ba laifinsa ba ne.

Ba ma hana kuka. Annabi (SAW) ya zubar da hawaye da ɗansa Ibrahim ya rasu, ihu da yage tufa aka hana.

A zaman makoki yaro na bukatar aikin yi, ba a tura shi maƙwabta ba. A koya masa amsa gaisuwar "Ya haƙuri?", a ba shi tiren ƙosai ko gumba ya miƙa wa almajirai da hannunsa. Malamai sun saɓa kan sadakar uku, bakwai da arba'in, mu ba ma shiga wannan, kowane gida da nasa. Abin da ba a jayayya a kai shi ne addu'ar ɗa nagari na isa ga mahaifi, don haka muke ba shi gajera ya yi bayan salla: "Allah ka jiƙan Baba, ka haskaka kabarinsa."

In uwa ta shiga takaba, a gaya masa wata 4 ne da kwana 10, kuma ba ciwo take yi ba. In an haifi jariri an mayar masa da sunan marigayin ana kiransa Abba ko Khalifa, a bayyana cewa suna ne kawai ya ci, don ƙanana kan ɗauka Baba ne ya dawo.

Damuwar yaro takan fito ne bayan 'yan gaisuwa sun watse: fitsarin kwance ga wanda ya daina, ƙin abinci, faɗa a aji. Dukan yaro ba ya maganin wannan. In ya ɗauki makonni ba sauƙi, ko yaron ya fara cewa yana so ya bi Baba, asibiti muke tura iyalin.