Ƙananan Sinadarai a Abincin ’Ya’yan Kifin Salmon

Ba a kiwon kifin salmon a Katsina, domin kifi ne na ruwan sanyi, kuma ƙasashen Norwe da Chile ne suka fi kowa noma shi. Duk da haka, ina ganin binciken da aka yi kan abincin ’ya’yansa zai amfani masu kiwon tarwada a nan.

’Ya’yan salmon suna fara rayuwa a ruwan daɗi kafin a mayar da su teku, kuma a wannan lokaci na saurin girma suna buƙatar ƙananan sinadarai irin su zinki da sinadarin ƙarfe da jan ƙarfe da manganis da seleniyom da aidin, kowanne miligiram kaɗan a cikin kilo guda na abinci. Ƙarancin zinki yana jawo yanar ido da tsumburewa, ƙarancin manganis kuwa yana lanƙwasa ƙashi. Seleniyom kuma, idan ya wuce kima, guba yake zama.

Matsalar ƙarancin zinki ta ƙaru ne tun da kamfanonin haɗa abincin kifi suka rage garin kifi suka koma ga waken soya, saboda waken yana ɗauke da wani sinadari mai suna fayitet, wanda yake riƙe zinki ya hana hanji tsotse shi. Wannan ya shafe mu kai tsaye, tunda yawancin masu haɗa abincin kifi a gida da soya da masara da ƙuli-ƙuli suke aiki, kuma idan kuɗi ya yi ƙaranci, garin waɗannan ƙananan sinadarai da ake barbaɗawa a abincin shi ne abin da ake fara janyewa.