Laraba, fulogin 34

Ko shayi ban kai ga sha ba Hajiya ta kira. Shagonta na intanet ya tsaya tun asuba, babu atamfa babu leshi, sai farin allo da layi ɗaya na Turanci da ke cewa an samu babbar matsala. Dashbod ma, inda ake sarrafa shafin, ya ƙi buɗuwa. Auta ne ke kula da shafin tun bayan salla, sai na ce ya ɗauko kwamfutarsa mu duba tare.

Gyaran bai kai minti 20 ba. Maganar da ta biyo bayansa ce ta cinye yinin, ita ce kuma ta hana ni kwanciya har yanzu.

A kan manhajar WordPress aka gina shagon. Tun fitowarta ta 5.2 a 2019, in fulogin, wato ɗan ƙarin da ake liƙa mata don wani aiki, ya kayar da shafi, manhajar kan tura wa mai kula da shi imel ɗauke da sunan mai laifin da mahaɗin da zai shigar da shi dashbod a yanayin ceto. Mahaɗin kwana ɗaya yake aiki. Mu bai zo mana ba, saboda adireshin da ke cikin saiti na yaron da ya fara gina shafin ne, shi kuwa ya bar aikin tuni. Allon nan da ke fitowa duk wata shida yana tambaya ko har yanzu wannan ne imel ɗinka, kowa danna "e" yake yi ya wuce.

Sai muka bi ta ƙofar baya. Muka shiga cPanel, inda ake isa ga fayilolin shafin a wurin masu ba shi masauki, muka buɗe fayil ɗin saiti wp-config.php, muka mai da WP_DEBUG da WP_DEBUG_LOG zuwa true, WP_DEBUG_DISPLAY kuma false, don kada masu saye su riƙa ganin cikin gidanmu a kan allo. Muka sake loda shafin sau ɗaya, sai ga debug.log, fayil ɗin da ake rubuta kurakurai a ciki, ya bayyana a cikin wp-content. Layinsa na ƙarshe ya fasa ƙwan: Call to undefined function create_function(), ga sunan folda, ga lambar layi. Fulogin ne mai juya hotuna a saman shafin farko. Masu ba shafin masauki sun ɗaga PHP, yaren da WordPress ke gudu da shi, daga 7.4 zuwa 8.2 cikin dare, kuma ba su yi laifi ba, domin 7.4 ya daina samun gyaran tsaro tun Nuwamban 2022. Sanarwarsu ma wancan mataccen imel ɗin ta tafi. Ita create_function tun PHP 7.2 aka ce a daina amfani da ita, aka cire ta gaba ɗaya a 8.0 cikin 2020. Ke nan shekaru ke nan babu hannun da ya taɓa wannan kod ɗin.

Muka shiga wp-content/plugins, muka ƙara wa sunan foldar kalmar "kashe" a ƙarshe. WordPress ya neme ta ya rasa, ya tsallake ta, shafi ya dawo. Da a ce debug.log bai faɗi suna ba, da rabawa biyu za mu yi: a kashe 17 a duba, a raba ɓangaren da matsalar take gida biyu, a sake dubawa. Fulogin 34 ba ya wuce zagaye 6. Muka mai da WP_DEBUG zuwa false, muka goge debug.log, don duk wanda ya san sunansa zai iya buɗe shi daga waje.

Hajiya ta ce Allah ya yi albarka, ta kashe waya. Da na bar zancen a nan, da yinin ya yi daɗi.

"Auta, wannan na kuɗi ne. Wa ya biya?"

"Babu wanda ya biya, Yaya. A wani zaure na samo, suna rabawa kyauta."

Bai ji kunya ba, don ya zo da hujjarsa. Ya ce WordPress a ƙarƙashin lasisin GPL yake, kod ɗin fulogin ma haka, saboda haka wanda ya saya yana da damar bai wa wani. Ya ce lasisin shekara da dala ake biya, ita kuwa Hajiya da naira take ciniki. Duka biyun gaskiya ne, ban musa ba. Na ce masa abin da kuɗin ke saya ba fayil ɗin ba ne, sabuntawa ce da wanda za ka kai wa kuka ran da abu ya lalace. Wanda aka fasa makullinsa ba ya karɓar sabuntawa, shi ya sa ya daskare a zamanin PHP 7. Sannan wanda ya zauna ya fasa makullin ya raba wa duniya, don Allah ya yi?

Ya ce zato ne. Na ce to mu buɗe.

Muka sauke foldar, muka nemi eval da base64_decode a cikin fayilolinta. A wani ƙaramin fayil mai suna kamar na saiti muka samu layi ɗaya mai tsawon gaske, haruffa a cakuɗe kamar an zubar da tsaba, an naɗe su cikin waɗannan umarni biyu. Kod mai gaskiya ba ya ɓoye fuskarsa haka. Muka leƙa jerin masu amfani, ga manaja na uku wanda ba Hajiya ba, ba Auta ba. A cikin wp-content/uploads, inda hotuna kaɗai ya kamata su zauna, ga fayil mai ƙarewa da .php a tsakanin hotunan shadda. A wp-content/mu-plugins ma ga wani. Wannan foldar ita ce maɓoyar da suka fi so, domin abin da ke cikinta yana tashi da kansa kuma babu maɓallin kashe shi a dashbod.

Auta ya yi shiru. Araha ba ta ado, amma ban faɗa masa ba, fuskarsa ta riga ta faɗa.

Abin da masu koyo ba sa ganewa da wuri shi ne fulogin ba baƙo ba ne da ake saukewa a zaure. Manhajar waya sai ta nemi izini kafin ta taɓa kyamara ko lambobinka. Fulogin ba ya neman izinin kowa. Tun da aka shigo da tsarin a WordPress 1.2 cikin 2004, yadda abin yake shi ne manhajar ta bar maratayai a kan hanyarta, fulogin ya rataya aikinsa a inda ya ga dama ta add_action ko add_filter, in an iso wurin a gudanar da shi. Da ikon da WordPress ke gudu, da shi fulogin ke gudu. Mai juya hotuna zai iya karanta kalmar sirrin rumbun bayanai da ke wp-config.php, ya kwashi sunaye da lambobin waya da adireshin duk matar da ta taɓa sayen turmi ɗaya a wurin Hajiya, ya tura imel da sunan shagon. Babu katanga tsakaninsa da WooCommerce, fulogin da ke riƙe da cinikin shagon.

Shara ta ci mu har la'asar. Da farko kwafin komai, fayiloli da rumbun bayanai, ko da yake da datti a ciki, don in mun goge abin da bai kamata ba. Sai goge foldar da baƙin fayilolin nan biyu da baƙon manajan. Sai wp core verify-checksums, wanda ke gwada fayilolin WordPress da na asali, ya nuna mana an taɓa ɗaya a wp-includes, muka sake zuba sabo. Sai wp plugin verify-checksums --all, amma shi waɗanda suka fito daga rumbun WordPress.org kawai yake iya tantancewa, na kuɗi sai an sake sauke su daga masu su. Muka duba functions.php na tim ɗin, wato rigar shafin, layi-layi. Muka canza kalmar sirri ta cPanel da ta rumbun bayanai da ta kowane manaja. A ƙarshe muka sauya makullan sirri 8 da ke wp-config.php, wanda yin haka ke korar duk wanda ke ciki, har ɓarawon in yana nan. Mutane kan manta da wannan matakin.

An ɗauke wuta wajen ƙarfe biyu. Batirin kwamfutar Auta ba ya riƙe caji. Muka koma tawa.

Da yamma muka zauna kan sauran 33. Ya tambaye ni nawa ne ya yi yawa, na ce yawa ba shi ne ciwon ba. Ƙanana 30 da aka rubuta da kyau sun fi guda ɗaya da ke loda fayil goma a kowane shafi sauƙi. Fulogin Query Monitor zai nuna maka wanda ke yawan tambayar rumbun bayanai da wanda ke jan ƙafa. Amma abin da muka tarar ya wuce zancen nauyi. Fulogin kash biyu, masu adana kwafin shafi don ya buɗe da sauri, kowanne na son mallakar advanced-cache.php, kuma babu wanda aka gaya wa ya ƙyale shafin kwando da na biya da na asusun mai saye. In aka adana waɗannan, wata rana wata za ta buɗe ta ga kwandon wata. Masu gyara shafi don Google guda biyu, kowanne na rubuta nasa take. Guda 9 a kashe tun bara. Kashewa ba ta cire fayil daga saba, kwamfutar da shafin ke zaune a kanta, in akwai rami a cikinsa ana iya isa gare shi kai tsaye, don haka abin da ba a amfani da shi gogewa ake yi. Gogewar ma ba kullum take share wuri ba: wanda marubucinsa bai tanadi uninstall.php ko makamancinsa ba yakan bar tarkacensa a wp_options, wani ma da alamar a loda shi a kowane buɗe shafi. Tun 6.6, sashen lafiyar shafi na yin gargaɗi in wannan kaya ya haura KB 800. Namu ya haura. Mun tashi da 19.

Na nuna masa abin da nake dubawa kafin in saka sabo daga rumbun nan mai fulogin kusan 60,000: yaushe aka sabunta shi, da wane WordPress aka gwada shi, ko marubucin na amsa masu ƙorafi, ko jerin canje-canjensa na faɗin abin da aka gyara ko kuwa "ƙananan gyare-gyare" kawai yake maimaitawa. In ka ga rawayan gargaɗin nan cewa ba a gwada shi da manyan fitowa uku na baya-bayan nan ba, nemi wani. Sabuntawa da kai, wadda ta zo a 5.5 cikin 2020, na bar ta a kunne ga ƙanana. WooCommerce da fulogin Paystack kuwa da hannu, a kwafin gwaji tukuna, sannan a yi odar gaske ta ƙaramin kuɗi a ga ta wuce. Gaskiya ne daga 6.6 WordPress kan mai da tsohon fulogin in sabon ya kayar da shafi, amma faɗuwa yake gani. Maɓallin biya da ya daina amsawa shiru, ba ya ganinsa, sai ciniki ya tsaya kwana biyu kafin a farga.

Ina cikin jin daɗin kaina ne ya jefo tambayar.

"Yaya, to waɗannan 19 ɗin, ka karanta kod ɗinsu?"

Ban karanta ba. Babu mai karantawa. WooCommerce kaɗai fayiloli dubbai ne.

"Ke nan kai ma yarda ka yi. Bambancin kawai wanda ka yarda da shi."

Na ce masa bambancin ba ƙarami ba ne, can akwai masu dubawa kafin a karɓi fulogin, akwai suna, akwai tarihin kowane canji a fili. Haka ne kuwa. Sai dai na san abin da ban faɗa ba. A 2017 an sayar da Display Widgets, fulogin mai mutunci a rumbun, sabon mai shi ya cusa masa ƙofar ɓoye, ta isa shafukan mutane ta hanyar sabuntawar nan da nake yi wa Auta wa'azi a kanta. A Yunin 2024 an shiga asusun wasu marubuta aka zuba mugun kod a fulogin ɗinsu, abin da ya sa daga Oktoban shekarar aka wajabta musu tabbatar da shiga ta mataki biyu. Kuma in aka rufe fulogin a rumbun, dashbod ɗinka ba ya cewa uffan. Yana nan a jeri lafiya lau, sabuntawa ce kawai ba za ta sake zuwa ba, kai kuwa ka ɗauka ba shi da matsala ne.

Abin da ya fi tsaya min a rai, da masu masaukin ba su ɗaga PHP ba, da wannan abin na nan yana aikinsa. Lalacewarsa ce ta tona shi. Wanda aka rubuta da kyau, mai tafiya daidai da 8.2, ba zai ba mu farin allo ba balle mu leƙa.

Ban gaya wa Hajiya duka ba tukuna. Dole gobe in je da kaina, domin lambobin kwastomominta ne, ita ce za ta yanke yadda za a sanar da su. Na riga na ji muryarta: "To ni me na sani a ciki, ba ku na ba amana ba?"

Odar gwaji ta wuce, naira 100, imel ya iso sabon adireshi.

Tuwon dare ya huce kafin in tashi daga kan tebur. Auta ya tafi bai yi sallama da ƙarfi ba.

Na buɗe jerin sauran shafukan da ke hannuna, guda 11. Na makarantar nan yana da fulogin jadawalin jarrabawa da ni na saka da hannuna, kuma na kasa tuna ranar da na ga ya nemi sabuntawa. Na buɗe shafinsa a rumbun ɗazu. An rufe shi.