Yadda Na Shirya wa Iyalinmu Ziyarar Yini Ɗaya Zuwa Babban Birni

Da aka ɗora mini nauyin shirya wa iyalinmu ziyarar yini ɗaya zuwa babban birni a lokacin hutun makaranta, abu na farko da na tsayar shi ne ƙarfe nawa za mu kamo hanyar dawowa, wuraren da za a gani kuwa daga baya aka yi maganarsu. Dalilina shi ne, da safe kowa yana da kuzari, direba ya sha barcinsa, hanya kuma a buɗe take. Amma da yamma, bayan an yini ana yawo a ƙasa, yara sun gaji, manya sun yi laushi, wanda ke riƙe da sitiyari shi kaɗai ne ba shi da ikon rufe ido. Saboda haka na ɗauki lokacin faɗuwar rana, na cire sa'o'in tafiya da na hutawa a hanya, na ƙara wani abu saboda cunkoson fita daga gari, abin da ya rage shi ne yininmu. Ya fito gajere fiye da yadda yara suka so, amma a kansa na gina sauran shirin.

Ƙaramar bas muka ɗauka, kuma sharaɗin da na kafa shi ne kowane mutum da kujerarsa, kowace kujera da bel mai aiki. A nan ne aka fi ja da ni. Goggonmu ta so a ƙara jikanta, ta ce, "Ai ɗan nan ba ya cin wuri, ni zan riƙe shi a cinya." Na ce, "Goggo, ki yi haƙuri, idan aka taka birki da ƙarfi babu hannun da zai iya riƙe shi." Ban faɗi haka don in kare kaina ba. Motar da ke gudu idan ta tsaya farat ɗaya, duk abin da ba a ɗaure ba yana ci gaba da tafiya da saurin da take yi, yaro ne ko jaka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa ɗaura bel yana rage haɗarin mutuwar wanda ke cikin mota da abin da ya kai kashi 50 cikin 100. Wani daga cikin manya ya haƙura da tafiyar, yaron ya sami wuri, muka ɗaure masa kujerar ƙananan yara a layin tsakiya.

Kwana 2 kafin tafiya na kai motar wurin makanike, domin idan an sami matsala a sami sararin gyara. Ya duba birki, baƙin mai, ruwan lagireto, fitilu da waifa, ni kuma na tsaya a kan tayoyi, saboda su ne ke ɗaukar nauyin kowa. Iskar taya ana auna ta ne kafin mota ta yi tafiya, tun tana da sanyi, kuma takardar da ke manne a jikin ƙofar direba yawanci tana ba da awo iri biyu, na mota maras kaya da na wadda aka cika. Na biyun shi ne namu. A gefen kowace taya akwai lambobi 4 da ke nuna mako da shekarar da aka yi ta, misali 2319 na nufin mako na 23 a shekarar 2019, kuma tsohuwar taya tana iya tsattsagewa ko da zanenta bai cinye ba. Na sa an sauko da safaya an auna ta, na tabbatar da jak da sifanar kwance taya suna nan. Kaya masu nauyi a ƙasa muka jera su, ba mu ɗora komai a saman mota ba, don bas dama doguwa ce, nauyin sama yana ƙara mata tangaɗi a kwana.

Mu biyu muka raba tuƙin, ƙanena ya kai mu, ni na dawo da mu. Mun yi magana tun a gida cewa cikakkiyar bas ba ta tsayawa kamar ƙaramar mota. A gudun kilomita 100 cikin sa'a, mota tana cin kusan mita 28 a daƙiƙa guda, kuma idan aka ninka gudu, nisan da birki ke buƙata yana ninkuwa sau 4. Don haka muka bar tazarar da ta wuce daƙiƙa 3 tsakaninmu da motar gaba, muka riƙa tsayawa bayan kowace sa'a 2 ko da babu wanda ya nema. 'Yata da mota ke sa wa jiri na zaunar da ita inda take hangen hanya, na karɓi wayar hannunta, domin kallon abu na kusa alhali jiki na motsi shi ke tayar da zuciya.

A cikin birni, shawarar da ta fi yi mana amfani ita ce ajiye motar sau ɗaya tak. Gine-ginen ajiye motoci da yawa suna da iyakar tsawo, sau da yawa wajen mita 2, bas mai tudun rufi kuwa ba ta shiga, shi ya sa na auna tsawon tamu tun a gida, na nemi buɗaɗɗen fili kusa da inda za mu. Wurare biyu kawai na zaɓa, gidan tarihi da gidan namun daji, bayan na tabbatar da ranakun buɗewarsu, tunda gidajen tarihi da dama a duniya suna rufewa ranar Litinin. A ganina wuri na uku ba ya ƙara wa yaro komai sai gajiya, kuma saurin iyali ba ya wuce saurin dattijuwar da ke cikinsu.

Kafin mu bar wurin motar, na sa wa kowane yaro 'yar takarda a aljihu mai ɗauke da lambar wayata, na ɗauke su hoto don a san kayan da ke jikinsu, na kuma damƙa kowannensu a hannun babba guda da sunansa. Idan aka ce kowa ya sa ido, kowa sai ya ɗauka wani ne ke kallo. Na nuna musu ƙofar shiga na ce duk wanda ya rabu da mu ya tsaya nan kada ya motsa. Ƙaramin cikinsu ya yi barci daidai lokacin da muka iso, aka ce a bar shi a mota a sassauta gilashi, na ƙi, na saɓa shi a kafaɗa. Motar da ke tsaye a rana zafin cikinta yana iya ƙaruwa da kusan digiri 10 cikin minti 10, sassauta gilashi ba ya hana hakan, jikin yaro kuma ya fi na babba saurin ɗaukar zafi.

Sa'ar ƙarshe ban bi su zagaye ba, na sami inuwa na zauna na huta saboda tuƙin da ke gabana. Da lokaci ya yi, babban ɗana ya ce, "Baba, saura wuri ɗaya, ga shi can kusa." Na ce masa wannan sai wani zuwan, domin minti 30 da za mu ƙara su ne za su jefa mu cikin cunkoson masu tashi daga aiki, daga nan kuma sai tuƙin dare. Man mota kuwa dama mun sha tun kafin mu shiga gari, don haka babu wani layi da za mu bi. Na kira sunan kowa ɗaya bayan ɗaya, kowa ya amsa daga kujerarsa, ƙanena ya bi layi-layi ya duba bel, sannan ya zauna a gefena da sharaɗin ba zai yi barci ba har mu isa gida.